Jirgin Da Na Ƙi Hawa

Sallama gare ku, masu bin labarin nan. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa tun da na fara ba ku labarina ban taɓa faɗin laifina ko ɗaya ba, kullum ni ce mai gaskiya. Kwana biyu ina jin haushinta, a na uku na yarda da ita. To yau ga laifin. Sau huɗu ina rubutawa ina gogewa, wannan karon na yi wa kaina alkawarin ba zan goge ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Khaulah Abdussalam. 'Yar Kano ce ni, amma ina da shekara tara aka kawo mu Kuala Lumpur, babban birnin Malaysia, lokacin da Abba ya zo digirinsa na uku. Da ya gama jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa. A unguwar Taman Melati muke zaune, hawa na sha ɗaya, gida mai ɗaki uku da 'yar baranda wadda Umma ta cika da tukwanen barkono da na'a-na'a. A garin nan na karanta aikin jinya. Da na gama sai na tarar samun aiki ga baƙo ba abu ne mai sauƙi ba, na yi shekara guda cur ina wanke-wanke ina kallon takardata a bango.

Shifa ce ta fitar da ni daga wannan zaman. 'Yar ƙasar Maldives ce, ajinmu ɗaya, gajera mai saurin magana. A gidanmu ta koyi cin tuwo da miyar kuka, Umma har ƙulle mata yaji take yi in za ta tafi hutu. Bayan ta koma gida ta yi aure, sai ta kira ni ta ce ana neman nas a tsibirinsu, in cike takarda. Umma ta ce ba inda za ni. Abba ya ce ƙasar Musulmi ce, kuma hannun Shifa za ni, a bar ni in gwada. Haka na tafi, wata shida kafin korona ta ɓulla a can.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙanƙantar wurin ba. In kika tashi daga wannan bakin ruwa, minti ashirin kin isa wancan. Mutanen ba su kai dubu ba, duk sun san juna har kaka da kakanni. Hanyoyin farin yashi ne, ba kwalta. Asibitin gado huɗu ne, likita ɗaya ɗan ƙasar Nepal, sai nas biyu, ni da Shifa. A can nas ita ce komai. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke ɗinki, ita ke ƙirga magani ta san ko zai kai ranar da jirgin ruwa zai kawo wani. In ciwo ya fi ƙarfinmu, ɗayarmu ce za ta shiga kwale-kwale mai inji tana ɗage da jakar ƙarin ruwa, awa biyu a kan teku kafin a kai babban asibiti, shi ma in igiyar ruwa ta yarda. Tafiyata ta farko ni da mara lafiyar tare muka dinga amai.

Akwai wata tsohuwa da suke kira Sakina Daita, kamar mu ce Inna Sakina. Ciwon suga gare ta, da gyambo a tafin ƙafar hagu. Ba ta iya takowa asibiti, don haka kullum bayan la'asar ni ke ɗaukar 'yar jakata in je in wanke mata ciwon in sake bandeji. Ba ta jin Turanci, ni kuma yarensu bai wuce gaisuwa a bakina ba, amma hira muke sosai. Takan ajiye min ɗanyar kwakwa, ta riƙe haɓata tana juya fuskata tana dariya, wai ba ta taɓa ganin haƙora farare irin nawa ba. Lokacin da zan taho ciwon ya fara haɗewa, jan nama mai kyau ya fito ta gefe-gefe. Har hoto na ɗauka na nuna wa likita.

Hutun kwana goma na ɗauka, saboda Yusha'u.

Kun san shi, amma bari in maimaita. Bazazzage ne, dogo siriri mai tabarau, yana digirinsa na uku a kan harkar ruwan sha. Shi ne mutumin da yake rubuta saƙon waya da cikakkiyar Hausa, har da waƙafi da aya. Malama Nas yake ce min. Kawunsa ne ya zo Malaysia wani taro, aka ce a yi amfani da damar a yi gaisuwa a san juna. Ranar na sa atamfa shuɗiya mai ɗigon zinari, Umma ta turara ni har ina tari, na kai musu lemo. Aka yi komai lafiya, aka ce sai a sa rana.

A cikin kwanakin nan ne duniya ta juye. Kowace tasha ka kunna gawarwaki ake ƙirgawa. Aka fara nuna nas-nas a wasu ƙasashe suna kuka, wasunsu ma cutar ta tafi da su. Aka ce ta shiga wasu tsibiran masu yawon buɗe ido a Maldives. Tikitina na komawa ranar Litinin ne, sha shida ga Maris. Ranar Lahadi Umma ta zauna a bakin gadona tana ninke min kaya tana hawaye, tana cewa gado huɗu ne fa a asibitin nan, in na kamu wa zai kula da ni, in kuma na mutu a tsakiyar teku a ina za ta ga kabarina. Abba ya leƙo ya ce mata ta daina, aiki amana ne, kuma ni ba yarinya ba ce, ni zan yanke wa kaina.

Ina so ku riƙe wannan: ba wanda ya hana ni tafiya.

Da safe na ce kada Abba ya wahalar da kansa, yana da aji, zan bi jirgin ƙasa. Na ja akwatina na hau daga tasharmu na sauka a babbar tasha inda ake shiga na filin jirgi. A cikin akwatin akwai yajin Shifa da kuka, da wasu safa masu taushi na masu ciwon suga da na saya wa Inna Sakina. Jirgin ƙasan ya zo, ƙofa ta buɗe, mutane suka shiga, ni ina zaune. Na ce bari in jira na gaba. Na gaban ya zo ya tafi. Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, ba abin da ya riƙe ni sai tsoro tsagwaronsa. Ina zaune a kan bencin nan har lokacin tashin jirgin saman ya yi ya wuce.

A nan na zaro waya na rubuta wa Shifa cewa Abba ya yanke jiki ya faɗi, ciwon zuciya, muna asibiti, ba zan iya tahowa ba. Ban ma yi dogon tunani ba, yatsuna ne suka rubuta kamar da ma a shirye suke. Minti ɗaya ba a yi ba ta amsa: “Kada ki damu da nan. Ki zauna da Abba. Zan gaya wa kowa ya yi addu'a.”

Da na koma gida kuma sai na ce musu an soke jirgin. Umma ta faɗi ta yi sujada a tsakar falo. Abba ya dube ni ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. A daren aka sanar da dokar kulle, bayan 'yan kwanaki can ma suka rufe ƙasarsu, sai ƙaryata ta samu rumfar fakewa. Wa zai bincika jirgi ɗaya a lokacin da jiragen duniya duka suka tsaya?

Wata biyar na yi ina kiwon ƙarya biyu, ɗaya a gida ɗaya a waya.

Shifa ba ta fasa turo saƙo ba. Ta ce an janye likitanmu zuwa babban birni inda cutar ta fi tsanani, yanzu ta waya take tambayarsa abin da ya shige mata duhu. Ta ce an hana zirga-zirga tsakanin tsibirai sai da izini. An mayar da ajin makaranta wurin killace waɗanda ake zargi, ita ke kai musu abinci, ita ke ɗaukar samfurin gwaji, ita ke kwana a asibiti. Wata rana ta turo hoton fuskarta, takunkumi ya yi mata shata a kan hanci har ya fashe. A ƙarshen kowane saƙo sai ta ce, ya jikin Abba? Ni kuma in ce da sauƙi, an fitar da shi daga ɗakin kulawa ta musamman. In ce an sallamo shi amma ba ya iya tafiya sosai. Ina rubuta wannan Abba na falo, ya sa babbar riga a sama da wandon barci a ƙasa, yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta, muryarsa har baranda.

Sau ɗaya na tambaye ta Inna Sakina. Ta ce ba ta samun fita kullum, sai bayan kwana uku ko huɗu, ta koya wa ɗiyar tsohuwar yadda ake wankin amma hannunta rawa yake. Daga ranar ban sake tambaya ba. Kuma na san dalilin da ya sa ban sake ba.

A nan gida kuwa daraja ce ta same ni. Matan 'yan Najeriya da ke unguwarmu da kewaye suna da zaurensu na waya, Anti Habiba ce shugaba. Duk wadda ɗanta ya yi zazzaɓi ko mijinta ya yi tari, ni ake kira. Ina ba su shawara daga kan gadona, ina cin cincin. Anti Habiba ta laƙaba min “jarumarmu”, Umma kuma ba ta gajiya da ba da labarin yadda na ja akwati zan koma bakin aiki ana tsakiyar annoba, Allah ya dawo mata da ni.

Yusha'u ya fi kowa. Lokacin da ba a yarda a ziyarci juna ba, yakan yi tapau, wato ya sa a ƙunsa masa soyayyar shinkafar da suke kira nasi goreng, a shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, na kusa da su, ya hau ɗan babur ɗinsa ya ajiye a wajen masu gadi, sannan ya rubuto: “Malama Nas, abincinki yana ƙasa. Na ce kada su sa barkono da yawa, amma ban tabbata sun ji ni ba.” Wata rana da yamma ya rubuto: “Na san zuciyarki tana can wurin marasa lafiyarki. Abin da ya sa na zaɓe ki ke nan. Ni da ni ne, ban san ko zan iya jan akwatin nan ba.”

Na amsa masa da hoton zuciya guda biyu. Abin da na iya ke nan.

Bayan ƙaramar Salla ƙungiyar ɗalibai ta yi taro ta kwamfuta don yi wa ma'aikatan lafiya addu'a. Yusha'u ne sakatare. Mutum kusan tamanin suna ji ya ce akwai 'yar'uwarmu a cikinmu wadda ta kama hanyar filin jirgi za ta koma wani ɗan tsibiri da ba shi da nas sai biyu, aka mayar da ita ba da son ranta ba. Bai faɗi suna ba, amma kowa ya sani. Aka dinga turo addu'o'i a gefe. Na kashe kyamarata na kifa kaina a kan tebur, Umma na bayan ƙofa tana share hawayen alfahari.

Sau nawa na yi niyyar faɗa masa? Ban ƙirga ba. Har na taɓa rubutawa, doguwa, na karanta na ga yadda zan koma a idonsa, na goge. Da aka sassauta kulle aka sa ranar aure, tsakiyar Oktoba, za a ɗaura a Kano mu yi walima a nan. Muka fara zarya Jalan Masjid India, layin masu yadi, ni da Umma, ana auna zafin goshinmu a ƙofar kowane shago, tana taya leshi da Malayancinta na kasuwa, “boleh kurang lah”, wato a rage mata, ina riƙe da ledoji. Na ce wa kaina ai ya wuce. In an yi aure an kwana biyu, wata rana zan ba shi labarin muna dariya.

Ranar Asabar ta biyun watan Agusta Yusha'u ya zo cin abincin rana. Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da kabewar da ta sha wahalar samowa. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da mayafi baƙi, ban yi wata kwalliya ba sai kwalli. Ya shigo ɗauke da kwali, ya ce masu gadi ne suka ba shi, saƙon Abba ne. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye kwalin a gefen kujera.

Tun daga ƙofar kicin na hango tambarin da ke jiki, da rubutun hannun da ke sama. Shekara uku ina kwafar darasi daga littafin Shifa, ko a mafarki na san rubutunta.

Abba ya sa wuƙa ya yanke salatif. Ƙamshin kyafaffen kifi ya cika falon. Gunduwa-gunduwa ne, baƙi mai tauri kamar itace, irin wanda suke yi a can, da kwalba biyu na wani romon kifi mai kauri da suke ci da shinkafa. A sama akwai takarda a ninke. Abba ya gyara tabarau ya fara karantawa a zuci, sai na ga ya dakata ya koma farko. Umma ta ce mene ne, daga ina? Bai dube ta ba. Ya fara fassara mata da Hausa, a hankali, kamar mai karanta sanarwa.

“Zuwa ga mahaifin 'yarmu Khaulah. Ni ce Sakina, wadda take wanke wa ƙafa. Shifa ce ke rubuta min. Mun ji ciwon zuciyar da ya kwantar da kai. Tun watan da ta tafi nake sa ka a addu'a bayan kowace salla, kuma liman ya sa an yi maka a masallaci. Yanzu a zaune nake salla, domin an kai ni babban asibiti an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, amma na warke, alhamdu lillahi. Ka ci kifin nan, yana ƙara ƙarfi. Ka gaya wa Khaulah kada ta damu da mu. Ta yi daidai da ta zauna wurin mahaifinta.”

Fanka na juyawa, ana jin ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa. Abba ya ninke takardar yadda ya same ta, ya ɗago.

“Khaulah, a wane asibiti aka kwantar da ni?”

Da tsawa ya yi min da na ji sauƙi. Na ajiye kwanon miyar a kan tebur don kada ya suɓuce, na durƙusa a inda nake. Na faɗa musu duka. Na ce ba a soke jirgi ba. Na ce ko filin jirgin ban kai ba, a tasha na zauna. Na faɗi abin da na rubuta wa Shifa, da yadda na dinga ƙara masa bayani duk sati. Muryata kamar ba tawa ba, idona a kan tabarmar roba da aka shimfiɗa don cin abinci, ina ƙirga furanninta.

Umma ce ta fara magana. Ta ce yarinya ce, tsoro ta ji, kuma ita ce ta tsorata ta, in laifi ne nata ne. Ta faɗa sau biyu, a na biyun muryarta ta yi ƙasa, don ita ma ta tuna mutanen da ta tara ta ba su labarin jarumtata. Abba ya ce mata tsoro ba laifi ba ne, shi ma ya ji tsoro. Ya ce da a ce na dawo na ce ba zan iya ba, da ya rungume ni, kuma da mutanen can sun san matsayinsu sun nemi wata tun ƙofa ba ta rufe ba.

“Amma kin sa tsohuwa ta yi wata biyar tana roƙa min lafiyar da nake da ita,” in ji shi, “alhali ita ce mai buƙata.”

Sai na dubi Yusha'u. Ya cire tabarau yana goge shi da gefen rigarsa, ya goge ya sake gogewa. Can ya juyo, bai kira ni Malama Nas ba.

“Ranar taron nan, da nake magana, kina ji na?”

“Ina ji.”

Ya gyaɗa kai. Ya nemi izinin Abba, ya ce wa Umma ta yi haƙuri ya tuna wani aiki a makaranta. Ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba. Na ji ƙarar lif ta rufe.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, ba saƙo. Ina ganinsa a kan layi, in buɗe shafinsa in rufe. Umma ta daina ɗaukar wayar Anti Habiba. Abba bai sake tayar da maganar ba, sai dai kullum da safe zai sa a daka masa kifin nan a zuba a kan shinkafa, ya zauna ya cinye a gabana, bai ce min ci ba, bai ce kada in ci ba. Ranar Litinin da zai shiga ɗaki ya fara aji ya tsaya ya ce min shi ya yafe nasa, amma akwai waɗanda ba shi da ikon yafewa a madadinsu, kuma na san lambarsu.

Sai bayan la'asar na iya. Na rufe ƙofar ɗakina, na kira Shifa ta bidiyo. Ta ɗauka tana zaune a teburin asibiti, na gane labulen kore da ke bayanta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Na fara magana ina in'ina, ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

“Na sani, Khaulah. Tun satin farko na sani.”

Ta ce na manta tana da lambar Umma. Kwana huɗu da saƙona ta ga Umma ta ɗora hoton Abba a baranda yana ba barkono ruwa. Ta ce ta yi kuka ranar, ba don aikin ba, don ni. Ta ci gaba da tambayata jikinsa ne ko zan gaji in faɗi gaskiya, ban gaji ba. Ba ta gaya wa kowa ba, har likita, shi ya sa har yanzu a takarda hutun jinyar mahaifi nake. Da Inna Sakina ta dage sai an aika kifi, ta rubuta abin da tsohuwar ta faɗa, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Ta ce ta san hannun wanda takardar za ta faɗa, kuma ba za ta musa cewa da gangan ta yi ba.

Na tambaye ta abin da ya hana ni barci tun ranar Asabar. Na ce da ina nan, da an yanke ƙafar?

Ta kalli gefe. “Ba zan ce miki saboda ke ne ba. Ciwon suga ne, yana iya faruwa ko kina nan. Amma ba zan ce miki ba saboda ke ba ne. Ban sani ba. Ke ma ba za ki taɓa sani ba.”

Na kasa riƙe kukan. Ta bar ni na yi, ba ta rarrashe ni ba. Da na lafa sai ta ce akwai abin da ta so ta gaya min tun ranar da zan dawo, ta ajiye shi ne don ta ga fuskata. Ta ture kujera ta miƙe, ta ja baya daga wayar. Rigar aikin ta ɗame ta, cikin ya fito sosai har ya sauko.

Wato da shi ta yi duk wannan. Da shi ta kwana a asibiti, da shi ta shiga ajin da aka killace mutane, da shi ta raka Inna Sakina awa biyu a kan teku.

Ta ce a tsakiyar Oktoba ake sa ran haihuwar, kuma dole ta bar tsibirin tun kafin lokacin, don cikin fari ne, ba za ta haihu inda ba likita ba. An yi alkawarin turo wata nas, wata uku ke nan ana alkawarin. An buɗe ƙasa, jirage sun fara sauka. In na taho zan yi sati biyu a killace, sannan in karɓe ta.

“Ba roƙonki nake ba,” ta ce. “Tambaya ce. In ba za ki zo ba ki ce ba za ki zo ba, kada ki kwantar min da kowa a asibiti.”

Na san ranar da aka sa. Na san leshin da ke cikin durowar Umma, da mutanen Kano da aka riga aka gaya wa, da mutumin da kwana biyu ke nan bai ce min uffan ba. Tsoron nan ma bai tafi ba, yana nan inda yake a ƙirjina. Amma na buɗe baki na ce mata zan zo. Ta ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi, har da rantsuwa.

Da na kashe wayar na juya, ƙofar a buɗe take. Ban san tun yaushe Umma ke tsaye ba. Turancinta ba mai yawa ba ne, amma ya isa ta gane abin da na faɗa, na gani a fuskarta. Wayarta na hannunta, ta danne ta a ƙirji don kada a ji.

“Wa kika ce wa za ki zo?”

Kafin in haɗa amsa ta miƙo min wayar, ta rage murya.

“Share fuskarki. Hajiyar Yusha'u ce daga Zariya. Ta ce ba da ni za ta yi magana ba, da ke.”